Launin da Na Zaɓa wa Shafin Dillalan Riɗi

Ban taɓa shan wahala irin ta zaɓen launi ba. Ƙungiyarmu ta dillalan riɗi a Gwaram za ta buɗe shafi a intanet, ni mataimakin shugaba na bugi ƙirji na ce a bar min. Na yini ina latsa wata manhaja mai haɗa launuka, har na dace da wanda ya burge ni.

Aka buɗe shafin a taro. Shugabanmu, wanda ɗansa ke takarar kansila, ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe ka koma wajen abokan hamayyarmu?" Ashe launin tutar jam'iyyarsu ne sak.

Washegari na yi sammako gidansa neman afuwa, kada kujerata ta tafi. Ya leƙo, ya ce, "A'a, Honarabul, an zo kamfe ne?" Sunana ke nan har yau.