Rasuwar Mazubai Goma Sha Biyu a Kabad ɗin Hedimasta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Bu Wartinah, tsohuwar malamar aji biyu a firamaren ƙauyenmu, tana sanar da 'yan uwa da tsofaffin ɗalibai rasuwar akwatinta na zuba 'yan tsana. An tabbatar da mutuwarsa ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe goma na safe, a ofishin hedimasta. Ya bar duniya yana da shekara talatin da takwas. Talatin da biyu ya yi su yana aiki, shida kuma a kulle.

Marigayin ya zo ƙauyen nan daga kasuwar birnin Solo, a kan cinyar Bu Wartinah cikin motar haya, tun tana sabuwar malama. Akwatin kwali ne, a cikinsa mazuban jar roba goma sha biyu, da 'yan gwangwanayen fenti, da burushi biyu. Aikinsa ba wuya. A dama farin garin filasta, irin wanda ake ɗaurin karaya da shi a asibiti, a tsiyaya a mazubi, a ɗan bubbuga gefensa iska ta fita, a kafa shi a bakin kofi. Kafin a tashi tara ya daskare. Sai a naɗe robar baya kamar mai tuɓe safa, ga agwagwa ta fito, ko kyanwa, ko giwa, ko manomi da malafarsa. Ba shi da yawan magana. Abin da ake tuna shi da shi, ƙwal-ƙwal ɗin cokali a kwano, sai kuma "fut" ɗin nan da yake yi in ya saki abin da ke cikinsa, wanda yara arba'in suke riƙe numfashi don su ji.

Halinsa kowa ya shaida. Bai taɓa tambayar yaro ɗan wane ne ba. Ɗan mai gonar shinkafa da ɗan mai yi masa ƙwadago agwagwa iri ɗaya yake ba su. Da fentinsa ya ƙare bai yi zuciya ba, ya karɓi kurkum a madadin rawaya, gawayi a madadin baƙi. Buƙatarsa kaɗan ce: a wanke shi bayan aiki, a shanya shi a inuwa, a barbaɗa masa hoda, a sake ɗaukarsa mako mai zuwa. Roba ce. In aka bar ta cikin zafi ba mai taɓa ta, narkewa take yi. Kowace uwa da ta taɓa ajiye kan bulumboti a rana ta san haka.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da aka girmama shi. Da Bu Wartinah ta yi ritaya, ta miƙa shi ga makaranta don yara su ci gaba da amfani da shi. Aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka raba kwalayen ƙosan ayaba. Hedimasta, Pak Sugondo, wato Malam Sugondo, ya ce wannan abin tarihi ne, bai kamata hannun yara ya lalata shi ba. Ya sa shi a kabad ɗin gilashi, tsakanin kofunan gasa, daidai tagar da ranar la'asar take dukanta, ya jefa makullin a aljihu. Duk sanda masu duba makarantu suka zo, sai ya nuna musu shi ta gilashi a matsayin kayan koyar da aikin hannu. Su gyaɗa kai, su yi alama a takarda, su tafi cin abinci. A ajin kuwa, darasin aikin hannu ya koma kwafar ma'anar aikin hannu daga allo.

Bu Wartinah ta san abin da ke faruwa. Amma da tarbiyyar da aka yi mana duka, ba a kallon mai muƙami a ce masa ga abin da zai yi; zagaye ake yi, a bar shi ya gane da kansa, don kada a zubar masa da girma. Duk shekara in ta zo bikin ranar 'yancin kai, takan zauna a ofishin, ta sha shayinta mai zaƙi, ta yi zagayen. Shekarar farko ta ce ranar tagar nan tana da ƙarfi. Pak Sugondo ya sa aka matsar mata da kujera cikin inuwa. Ta biyu ta ce roba kamar jariri ce, tana son hoda. Ya yi dariya ya tambayi lafiyar jikokinta. Ya gane sarai. Mu ma malamai da muke zaune a wurin mun gane, muka yi murmushi muka ci gaba da tauna. Shekara shida manya masu takardun shaida suna kallon abu yana mutuwa a bayan gilashi, kowa yana tattalin ladabinsa.

Watan jiya likitan ido ya gaya mata ganinta yana tafiya kuma ba zai dawo ba. Abu ɗaya ta sa a ranta: ta zuba 'yan tsana da yaran aji biyu ko da sau ɗaya ne, tun tana iya raba rawaya da kore. Ranar Talata ta shigo ofishin, ba ta zauna ba, ba ta karɓi shayi ba.

"Pak, buɗe mini kabad ɗin nan."

Ya ce ta yi haƙuri, masu dubawa suna tafe wata mai zuwa, in sun wuce sai a zauna a duba maganar.

"Wata mai zuwa ba zan bambance ka da agwagwar ba," in ji ta. "Kawo makullin."

Ya miƙa. Da ta ɗaga murfin, wari ya tashi kamar an ƙona taya. Mazuban goma sha biyu sun narke sun zama curi guda, hancin giwa a cikin kunnen kyanwa. Ta sa yatsa ta ja, abin ya biyo ta kamar cingam. Pak Sugondo ya leƙa, ya gyara murya, ya ce abin bai yi daɗi ba, amma ai kwalin lafiyarsa ƙalau, a rufe a mayar, masu dubawa ba sa buɗewa. Ta saka akwatin a hammata ta fita.

Marigayin ya bar 'ya'ya da yawa. Akwai agwagwa mai guntun baki a gaban motar wani direba, akwai giwa shuɗiya a shagon mai ɗinki, akwai manoma da kyanwoyi a kan talabijin na rabin gidajen ƙauyen nan. Ya bar yara sama da ɗari biyu da suka wuce ta gabansa ba su taɓa jin muryarsa ba. Ya kuma bar kabad ɗin gilashi da mai makullinsa, dukansu cikin ƙoshin lafiya.

Za a binne shi ranar Asabar bayan an tashi makaranta, ƙarƙashin gwaibar da ke bayan gidan Bu Wartinah. Ba a buƙatar allon furannin ta'aziyya mai sunan mai aikowa da manyan baƙaƙe, ba a buƙatar jawabi. Duk wanda ke da ɗaya daga 'ya'yan marigayin ya zo da shi, domin za ta danna su a lakar bakin rafi ta fitar da sababbin mazubai. Ta ce wannan aikin yatsu ne, ba sai da ido ba. Yaran aji biyu su zo da tsofaffin kaya. Hedimasta ya aiko yana tambaya ko za a kawo sababbin mazuban a adana a ofis. Ta ce a gaya masa na laka ne, zubi ɗaya suke yi a fasa su, babu abin da zai rage a kulle.