Rasuwar Uwar Tsawa, Wufar Falon Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ba su daina kuka ba, Mai Walda na hawa na biyu, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna fatan wannan rana, rasuwar Uwar Tsawa, wufar da ta riƙe falonsa shekara bakwai. Ta rasu ranar Asabar da ta gabata, wajen ƙarfe huɗu na yamma, a kusurwar da ta saba zama kusa da talabijin. Ba a kwance cikin lumana ta cika ba. Kashe ta aka yi, kuma za a faɗi yadda abin ya faru dalla-dalla, domin surutu ya yi yawa a layi.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ita ce baƙin akwatin nan mai baki ɗaya wanda ke ɗauke da kaurin sauti. Sauran sifiku magana da kiɗa ne aikinsu. Ita kuwa nata aikin shi ne, idan bom ya tashi a fim, ya tashi a ƙirjin mai kallo. Ba 'yar gidan masu hali ba ce. A kwali ɗaya ta zo da ƙannenta biyar, cikin kayan da mai shago ke turawa can ƙasan kanta domin masu ƙaramin ƙarfi. Jikinta garin katako ne da aka matse, wayarta siririya kamar zaren ɗinki. Mai shagon da bakinsa ya ce ba za ta kai shekara biyu ba. Shagon nasa ya daɗe da rufewa, ita tana nan tana ruri.

Marigayiya ba ta san tsoro ba, ba ta kuma san sassauci ba. Sau biyu tana kayar da agogon bango da ihu ɗaya. Ta tsaga gilashin kabad ɗin Malama, matar gidan, daga sama har ƙasa. Kofunan shayi kan yi tafiya da kansu a kan tebur har su faɗa ƙasa su tarwatse, duk don ta ce buuuum. Tela, maƙwabcin da bango ɗaya ya raba su, ya yi shekara bakwai yana yaƙi da ita. Yakan ɗauki dutsen guga ya dinga dukan bango, ita kuma ta mayar masa, dum, dum, dum, har fenti ya zubo masa a kan keken ɗinki. Wata rana ya shigo da babban almakashinsa, ido jajir, ya rantse sai ya datse mata waya. Ya tarar ana tsakiyar fim ɗin yaƙi, jirage na ruwan wuta. Ya tsaya a bakin ƙofa, daga nan ya zauna a hannun kujera, bai tashi ba sai da fim ya ƙare, almakashin na kan cinyarsa.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa gidan ke kukanta ba. Baba, mahaifin Mai Walda, ya yi shekara talatin yana aiki a injin niƙa, injin ya cinye masa kunnuwa. Da ya dawo gidan ɗansa da zama, sai ya zama kamar baƙo. A yi dariya, ya bi bakunan mutane da kallo. A kunna fim, ya tashi ya shige ɗaki. Wata rana da yamma ya miƙe ƙafa don ta yi masa tsami, tafinsa ya sauka a kan akwatin. Sai aka ga ya zabura ya ɗaga hannu.

"Ku dakata," in ji shi. "Mota ce wannan. Babbar mota."

Babbar motar ce kuwa take wucewa a fim ɗin. Tun daga ranar aka jawo kujerarsa kusa da ita. Yakan cire takalmi ya ɗora ƙafa, ya riƙa ba su labari da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa: "Wannan jirgi ne. Wannan kuma gini aka rusa. Kai, wannan mutumin ya sha duka!" Abin da asibiti ya kasa yi wa Baba, akwatin garin katako ya yi masa.

Ciwon ajalinta ya fara ne bara. Robar da ta zagaye bakinta ta bushe ta tsattsage. Inda ta saba cewa buuuum, sai ta koma brrr-kat-kat-kat, kamar tsoho mai tarin ƙirji. Mai Walda ya yi jinya iyakar ƙarfinsa. Ya shafa gam, ya ƙara mata kusoshi, ya yi mata ɗamara da ƙarfe daga shagonsa. Mai Gyara na bakin titi ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce a bar ta ta huta, kada a sake wuce rabi wajen murɗa sauti. A nan ne Mai Walda ya yanke shawarar kawo sabuwa falo, a mayar da tsohuwar ɗakin Baba, ta ƙarasa kwanakinta tana gurnani a hankali ƙarƙashin ƙafar mai ƙaunarta. Niyyarsa ke nan, kuma yana so duniya ta shaida.

Ƙanensa Direba, mai tuƙa doguwar mota, shi ya ɗauki nauyin nemo sabuwar. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma tun suna yara Direba bai taɓa ganin maɓalli ya ƙyale shi ba. Ranar Asabar ya hawo bene yana nishi, ya dire wata ƙatuwa wadda ta ninka marigayiya biyu, tare da amfilifayarta, wato akwatin da ke ƙara mata ƙarfin sauti, mai nauyin batirin mota.

"Yaya, wannan in ta yi tari, ƙofar ƙarfen da ka haɗa da kanta za ta buɗe," in ji shi.

Suna cikin warware wayoyi aka kira Mai Walda daga shago a ƙasa, wani mai ƙofa ya zo karɓar aikinsa. Ya tsaya a bakin falo ya nuna ƙanensa da yatsa.

"Kada ka taɓa tsohuwar. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya. Me zan yi da ita?"

Ko minti goma ba a yi ba. Direba ya so ya nuna wa Baba bambancin tsohuwa da sabuwa, sai ya ciro siririyar wayar marigayiya ya cusa ta a bayan sabuwar amfilifaya, ya sa fim ɗin yaƙi, ya murɗa sauti har ƙarshe. Mai Walda yana shago, injin yankan ƙarfe na hannunsa yana aiki, amma ya ji ta. Bai taɓa jin ta yi irin wannan kukan ba. Ta ce buuuuuum har tagogin bene suka kaɗa, sannan ta ce ƙaaaa, sannan fat! Ya yar da injin ya haura matakala uku-uku.

Falon ya cika da hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba. Ɗamarar ƙarfen ta ɓalle ta kafe a jikin kujera. Baba na zaune, ƙafarsa a kan akwatin, yana dannawa yana sake dannawa.

"Ta yi shiru," in ji shi. "Me ya same ta? Ta yi shiru."

Ba ta gama yin shirun ba. Can ƙasa-ƙasa tana cewa zzz, zzz. Da Direba ya sunkuyar da kai ya ce Yaya yi haƙuri, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma dariya ya yi. Ya sa ƙafa ya shuri akwatin, ya ce, "Haba Yaya, dama ai gawa ce. Na rage maka wahala."

Mai Walda bai san lokacin da ya tsallake tebur ba. Marin farko ya jefa Direba kan kabad, sauran gilashin ya zube. Direba ya taso ya soka masa kai a ciki, suka faɗa kan teburin tsakiya, ƙafafunsa huɗu suka baje. Suka yi ta birgima a kan fasassun kofuna, wannan ya shaƙe wancan, wancan ya ciji wannan. Waya ta naɗe musu ƙafa, sifiku biyu suka fizgo daga bango, ɗaya ta sauka a ƙeyar Mai Walda. Ya kama kwalar ƙanensa ya buga goshinsa da gefen teburin talabijin, girar ta tsage, jini ya wanke masa rabin fuska. Baba na ta ihu, "Ku bari! Ku bari, 'ya'yan banza!" amma ranar su ne kurame. Malama ta fito daga kicin da sandar goge ƙasa, ta shiga rabon duka ba ta ware kowa ba, na miji daban, na ƙanen miji daban, har sandar ta karye gida biyu.

Ko hakan bai raba su ba. Direba ya ja da baya a zaune har bayansa ya jingina da marigayiya. Mai Walda ya dunƙule hannun da ya yi shekara ashirin yana lanƙwasa ƙarfe, ya kai naushi da dukkan ƙarfinsa. Direba ya kauce. Hannun ya shige bakin Uwar Tsawa har wuyan hannu, ya keta ta, ya daki maganaɗisun da ke cikinta. Aka ji ƙas, ƙas. Yatsunsa biyu ke nan suka karye. Zzz ɗin nan ya tsaya, bai sake dawowa ba.

Direba ya miƙe yana dafe da gira, jini na bin tsakanin yatsunsa. Ya dubi hannun da ke cikin akwatin, ya dubi yayansa.

"Da fuskata ce ke nan," in ji shi. "Saboda akwati, Yaya? Akwati?"

Ya sauka bene bai ɗauki ko hularsa ba. An ce ɗinki biyar aka yi masa. Tun ranar bai tako gidan ba, kuma ba ya ɗaukar waya.

Washegari Mai Gyara ya zo ya buɗe gawar. Mai Walda ya so a ce amfilifaya ce ta kashe ta, ya ma fara faɗa wa mutane haka. Mai Gyara ya haska tocila ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Maigida, gaskiya zan faɗa maka. Ƙunar nan da sauƙi, kwana biyu zan naɗa mata sabuwar waya ta tashi. Amma wannan ramin, wannan ƙarfen da ya karye, ba wuta ce ta yi su ba. Wa ya naushe ta?" Malama ta dubi filastar da ke hannun mijinta, ta tashi ta koma kicin.

Saboda haka Mai Walda yana janye duk maganar da ya yi a layi. Ƙanensa ya jikkata marigayiya, amma shi da ya yi jinyarta shekara guda, shi ya ƙarasa ta da hannunsa. Kuma ya san inda hannun ya nufa kafin ya same ta. Wannan shi ne abin da ke hana shi cin abinci.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanne biyar, uku a manne a bango, biyu a kwance da rauni, dukkansu da siraran muryoyi kamar sauro. Ta bar rimot ɗin da aka ɗaure bayansa da roba. Ta bar Tela, wanda ya shigo ta'aziyya ya ce shirun ya hana shi ɗinki. Ta bar magajiyarta a tsakar falo, ko sau ɗaya ba a kunna ta ba. Ta kuma bar Baba, wanda aka jawo masa sabuwar har gaban kujera, aka roƙe shi ya gwada, ya tura ta gefe da sandarsa ya ce, "'Ya'ya biyu na haifa. Ba na jin komai a gidan nan sai na ga biyun."

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe. Za a sauko da gawa daga hawa na biyu a bi da ita ta gaban shagon walda zuwa wurin Mai Gyara, inda za a cire maganaɗisun, a ajiye a shago yana tsince ƙusoshi. Sauran katakon za a ƙone shi a filin bayan shago. Ana roƙon masu halarta kada a zo da rediyo, kada waya ta yi ƙara, kuma duk mai shawarar irin wufar da ta fi kyau ya riƙe abarsa.

Gawar tana da nauyi, matakalar kuma ƙunci gare ta, sai mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Mai Walda zai kama baya da hannun hagu. Mutum huɗu sun nemi su kama gaba, har da Tela, an gode musu, an ce a'a. Wurin na da mai shi. Duk wanda ya san inda doguwar motar nan ke tsayawa, ya taimaka ya kai masa wannan takarda, ya ce masa Yaya ya yi laifi, Yaya na ba shi haƙuri a gaban kowa, kuma hularsa na nan an wanke.

Ba za a ɗaga gawa ba sai ya iso, ko da za a kai yamma ana jira.