Zanen da Ya Ƙi Bushewa

Malam Bulus, mai koyar da mu a ajin yaƙi da jahilci a Bompai, ya kawo hoton wani tsohon zane: kogi, shanu, da gajimare kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ya ce wanda ya kwaikwaye shi da kyau, za a rataye nasa ranar yaye ɗalibai.

Ina tsakiyar aiki man sirka fenti ya ƙare. Ni da na yi furfura a kamfanin matsar gyaɗa, wa zai koya mini mai? Na zuba namu na gyaɗa.

Ranar bikin, kogin da na zana bai bushe ba. Ya gangaro ya cinye shanun, kiyashi na biye.

Malam ya sunsuna, ya ce, "Baba, saura albasa."

Har yau in na shiga aji sai an tambaye ni, "Yau me aka soya?"