Bijimin Sallau Ya Kwanta

Wani mutum ne a garinmu, sunansa Sallau, amma in ban da matarsa Kulu ba mai kiransa haka. Kowa Rumbu yake ce masa, don duk abin da aka zuba masa shigewa yake, ba a ƙara jin labarinsa. Ranar Sallah aka haife shi, shi ya sa yake ganin shi da nama 'yan ɗaki ɗaya ne. In ya zauna a majalisar abokansa, gindin dalbejiya, ba shi da zance sai na cikinsa.

"Ni fa tun da aka yaye ni ban taɓa shan maganin ciki ba. Ranar da kuka ga na sha, ku karɓe sarautarku!"

Sarautar kuwa ta Sarkin Ci ce. Duk shekara, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, 'yan majalisar kan haɗa kawunan ragunansu a dafa, kuma Sarkin Ci ne ke fara sa hannu, ya ɗauke harshe da ƙwaƙwalwa. Shekara tara Sallau na riƙe da wannan gagarumin muƙami, saura kaɗan ya nemi a yi masa rawani.

Bana dai ya nuna bajinta. Gida goma sha ɗaya ya shiga gaisuwar Sallah, ba inda bakinsa ya iya furta "na ƙoshi". Soyayyen nama, kayan ciki, waina da miyar taushe, ya kora da zoɓo da kunun aya, ya kawo fura ya danne. Da ya dawo majalisa ya tarar da abokansa duk sun yi laushi, wannan na kurɓar jiƙon tsamiya, wancan na tsotsar lemon tsami.

"Kai, tir! Maza da cikin jarirai. Ku miƙo sauran naman in taya ku."

Kuma wallahi ya taya su.

Ana gobe za a dafa kawuna, da safe, ciki ya ce bai san zancen ba. Ya kumbura ya yi tim, yana ƙugi, ƙululu, ƙululu, ba gaba ba baya. Da kyar Sallau ya ja tabarma ya kwanta a tsakar gida, kusa da turken ragon da ya yanka, don nan ne ya fi kusa da bayi.

Kulu ta ce, "In aika a kira maka mai kemis?"

"Ki rufa mini asiri! Mutumin da a majalisa yake yini?"

Yana cikin nishi sai dabara ta faɗo masa. Akwai Malam Jibo, likitan dabbobi. Maganin da zai sassauta cikin bijimi, ai cikin mutum wasa ne a wurinsa. Ya lalubo waya, ya daidaita murya.

"Malam Jibo, wani bijimi ne yayana ya kawo mini ajiya, cikinsa ya kumbura. Me ake ba su ne?"

"Subhanallahi! Me ya ci?"

"Ɓallewa ya yi, ya bi gidajen mutane."

"Yana tuƙa?"

"Ina fa! Sai nishi."

"Yana iya tashi tsaye?"

Sallau ya gwada ɗagowa, ya koma yaraf. "Ya kasa."

"Babba ne?"

Ko a wannan hali Sallau bai iya rage kansa ba. "Babba? Duk garin nan ba kamarsa!"

"To, kada ka bar wurinsa, ga ni nan."

"A'a, ba sai ka zo ba, faɗa mini kawai..." Ƙit, an kashe waya.

Abin da Sallau bai sani ba, Malam Jibo a gindin dalbejiya ya amsa wayar nan. Kuma kowa ya san dabbar da ta kwanta ta kasa tashi ba a yi mata jinkiri, wuƙa ake kusantowa kada ta mutu a yi asarar nama.

Ba a jima ba Sallau ya ji dididi a zaure. Ya ji muryar Mati mahauci yana cewa a yi sauri, ya ji ana wasa wuƙa, ƙyas, ƙyas. Ya ɗaga wa Kulu hannu yana roƙonta da ido. Kulu kuwa, wadda ta yi kwana uku tana suya ba ta samu ko tsoka biyar ba, ta gyara mayafi ta ɗaga murya.

"Ku shigo, bayin Allah, ai lalura ce!"

Suka ɗuro su tara. Malam Jibo da kwalbar jiƙon kanwa da man gyaɗa, Mati da wuƙa, mai kemis da igiya, wani har da daro.

"Ina bijimin?"

Kulu ta nuna da baki. "Ga shi can a turke."

Suka dubi turke, ba ko akuya. Suka dubi tabarma, ga Sarkin Ci a miƙe, riga a yaye, ciki ya tasa sama yana sheƙi.

Malam Jibo ya durƙusa, ya ɗan ƙwanƙwasa cikin da yatsa. Tim, tim. Ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ka faɗa, duk garin nan ba kamarsa." Ya miƙa kwalbar. "Da kanka za ka sha, ko a danne a ɗura?"

Sallau ya buɗe baki zai ce shi lafiyarsa ƙalau, hutawa kawai yake. Cikin ya riga shi magana, ƙululuuu! Ya tuna harshe, ya tuna ƙwaƙwalwa, ya tuna shekara tara. Sai ya fizge kwalbar ya kafa kai, ƙwat, ƙwat, ƙwat, a gaban shaidu tara. Mai kemis ya cire masa hula a hankali, ya ce Allah ya jiƙan sarauta.

Mati ya dubi wuƙarsa cikin takaici. "Yanzu shi ke nan na wasa ta a banza? Ko dai mu ɗan jira mu gani?"

Kulu ta ce, "Mayar da wuƙarka, Mati. Wannan ko kun feɗe shi, ba abin da za ku samu a ciki sai ragunanku."