Ita Nake So, Ba Gonar Ubanta Ba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai kaina mahauta da ƙafata ba. A lokacin ina cikin wata ƙungiyar marubuta a Birnin Kebbi, muna haɗuwa a wani aji a unguwar Gesse ƙarshen kowane wata, kowa ya karanta abin da ya rubuta. Ni kuwa ji nake duk ƙungiyar babu alƙalami irin nawa (alƙalamin ma babu, a waya nake dannawa da babban yatsa).

Aibina guda, ba na sa alamomin rubutu. Babu aya, babu waƙafi, balle alamar buɗe magana da rufe ta. Malama Asabe, sakatariyarmu, ta sha gaya mini cewa in mutum biyu suna zance a labari, kowa a buɗe masa maganarsa a rufe, a kuma ba shi layinsa. Na ce mata wannan kwalliya ce, mai basira ai zai gane.

To, a wannan shekarar nake neman auren Hauwa'u. Mahaifinta, Malam Garba, tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya ya koma Argungu yana noman shinkafa, gonarsa a fadama kowa ya san ta. Magabatana sun je, bai ce i ba bai ce a'a ba, ya ce zai duba halin yaron. Sai dabara ta faɗo mini: na matsa wa ƙungiya aka gayyato shi babban baƙo, na kuma roƙa a ba shi labarina ya karanta da bakinsa. Labarin na wani saurayi ne mai son 'yar manomin shinkafa tsakani da Allah. Yarinyar na sa mata suna Kulu (ku dubi wayo, kamar akwai wanda bai san kowace Hauwa'u Kulu ba ce).

Ranar na sha farar shadda, na zauna a layin gaba. Malam ya gyara tabarau ya ɗauki takarda. Ya karanta shafin farko yana nishi, don babu wurin da zai tsaya ya ja numfashi. Sai ya iso wurin da na fi alfahari da shi, inda abokin saurayin yake zarginsa da kwaɗayi. Abin da ke raina shi ne abokin ya ce, “Mi kaka so ga yarinyar ga? Gonar ubanta?” saurayin kuma ya amsa, “Ita nika so.” Amma ga abin da ke kan takardar: mi kaka so ga yarinyar ga gonar ubanta ya ce ita nika so.

Malam ya sake duban layin. Sannan ya raba shi yadda ya ga dama, da murya biyu kamar mai wasan rediyo.

“Mi kaka so ga yarinyar ga?”

“Gonar ubanta,” ya ce, “ita nika so.”

Jama'a, gona mace ce a Hausa, sai ranar na tuna. Ajin ya ɗauki dariya, har wani ya buga benci. Malama Asabe ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa zufa ta jiƙe shaddar, na miƙe ina cewa, “Baba, wallahi tambaya ce, abokin ne yake tambaya!”

Ya leƙo ni ta saman tabarau. “Ɗana, ni ban ga tambaya ba. Abin da kar rubuta shi na karanta. Ko akwai wata takarda cikin zuciyakka da ba ka ba ni ba?”

Na tsorata ƙwarai, don na ɗauka Hauwa'u ta kuɓuce mini ke nan. Bayan an tashi na bi shi har bakin mota ina rantse-rantse. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, “Tunda ba mu san wadda kaka so ba cikin su biyu, taho ka fara gaisawa da gonar. Jibi muna dashe.”

Na je. Kwana uku ina duƙe cikin laka har gwiwa, ni da ban taɓa riƙe ko lauje ba, ƙannen Hauwa'u na kan kunyar gona suna kirana angon fadama. A rana ta uku Malam ya dubi layin da na dasa, karkatacce kamar tafiyar maciji, ya girgiza kai ya ce, “Wanga dai ba gona yaka so ba. A ba shi ɗiyar.”

Yanzu ko gishiri zan tambayi Hauwa'u a waya sai na sa alamar tambaya. Na gane cewa duk maganar da ba ka rufe da hannunka ba, wani zai rufe maka ita inda ya so, kuma bayanka ne zai ji a jika.