Rasuwar Folda Mai Suna Shara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da tsaki, sakatariyar ofishin hawa na biyu, wadda 'yan gidansu ke kira Auta, take sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar foldarta mai suna Shara. Marigayiyar ta cika ranar Talata da hantsi, a cikin kwamfutar da ke kusa da taga, tana da shekara tara a duniya. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya kashe ta yana nan yana yawo a ofis da kofin shayinsa, ko kunya babu.

Ba don raini aka raɗa mata wannan suna ba. Kwamfutar ta kowa ce, ga kuma manaja mai ɗan banzan leƙe-leƙe, wanda in ya ga an rubuta "Sirri" sai ya buɗe ko da ba shi da lokacin cin abinci. Sai Auta ta yi dabara ta sa wa dukiyarta sunan da ba mai sha'awar taɓawa. Dabarar ta ci, shekara tara ko ƙuda bai sauka a kanta ba.

Marigayiyar mai riƙon amana ce, ba ta da surutu sai an taɓa ta. Ita ke riƙe da saƙonnin murya ɗari biyu da goma sha ɗaya na Inna, mahaifiyar Auta, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce. Wayar da aka kwaso su daga ciki ta daɗe da faɗawa bokitin wanki, don haka babu su a ko'ina sai nan. Inna ba ta taɓa yarda cewa waya ta fara ɗaukar magana ba, shi ya sa kowane saƙo da abu ɗaya yake farawa: "Ya kama? Ke, ya kama?" Sai ɗan tari, sai ƙarar cokali a kofi, sannan, "To Auta, ni ce."

Ajali ya zo ne ta hannun injiniyan ofis, mutumin da in ya gyara maka firinta sai kwamfuta ta daina magana. Wai wuri ya cika, sai ya rubuta 'yan layukan umarni da za su bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, duk foldar da sunanta ke cikin jerinsa su tumɓuke ta har 'ya'ya da jikoki. Ba tambayar "kin tabbata?", ba tsayawa a kwandon da ake iya maido da abu. Bai gwada ba, bai buɗe ko ɗaya ya leƙa ba. Tir da wannan aiki!

Abin da ya fi tayar wa Auta da zuciya shi ne nata hannun a ciki. Ranar Litinin injiniyan ya tsaya mata a ka da 'yar takarda, tana tsakiyar buga wasiƙa, ya ce wane suna mutanen nan ke sa wa foldar da ba sa so? Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, tarkace, ko shara mana. Sunan ya daɗe da daina yi mata kama da kalma, Inna kawai take ji in ta gan shi. Sai ranar Juma'a da ta sa abin kunne za ta saurara ta tarar wayam, kuma an riga an loda sababbin takardu a kan gurbin. Da ta tare injiniya, kafaɗa ya ɗaga. "Anti, ai ke kika ba ni sunan."

Marigayiyar ta bar ƙannenta biyu, Sabuwar Folda da Sabuwar Folda Ta Biyu, dukansu fanko. Ta bar wata mai suna Muhimman Takardu, wadda ba komai cikinta sai hotunan manaja yana yanka kek, ita kam ko ƙwarzane ba ta samu ba. Ta kuma bar 'yar alamarta a kan allo, marainiya, wadda in an danna sai ta ce "ɗin!" ta yi shiru.

Babu gawa, don haka babu wanka babu ɗauka. Za a zauna ranar Asabar da la'asar a falon babbar yayar su Auta. Ana roƙon masu ta'aziyya, don girman Allah, kada wanda ya tambaya ko akwai kwafi. Injiniya kuwa an yafe masa zuwa. Za a ajiye waya a tsakiyar tabarma a kunna ɗaukar murya, kowa cikin 'ya'yan Inna ya faɗi abin da ya riƙe na maganarta, yadda take faɗinsa. Auta ce za ta fara. Ta riga ta gwada sau biyu a banɗakin ofis, har da tarin. Bai kama ba.