Ranar da Na Yaba Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da layya ta faɗo tsakiyar damina ba, don a shekarar ne cikina ya so ya raba ni da Rabi, yarinyar da nake nema da aure.

Lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, kowa na ce mini Mushe (haka ake kiran malamin boko a can), ba ni da mai dafa mini ko miyar kuka. Maƙwabta suka yi ta aiko mini da soyayyen naman layya, ni kuwa na sa shi gaba safe da yamma da burodi (ruwa sai na alwala ke taɓa bakina). Kafin in ankara ciki ya ɗaure tamau. In shiga bayi, in yi ta nishi, in fito da gumi kawai.

Ran Alhamis na je farmasi ina ta kame-kame, har matar da ke wurin ta gane da kanta. Ta miƙo mini maganin tausasa bayan gida, ta ce, "Mushe, wanga ba ya gaggawa. Ka sha ruwa da yawa, ka ba shi kwana biyu ko ukku. Kada ka haɗa shi da komi."

Na ce to. Sai dai ran Asabar zan je Ɗan Kassari gaida mahaifin Rabi karo na farko, kuma ba na son in je da ciki kamar ganga. Juma'a ta wuce ba labari, sai na yanke cewa maganin na banza ne. Asabar da safe na ninka shi, na jiƙa ganyen filasko kofi guda na ɗora a kai (ni da nake koya wa yara haƙuri), na hau moto, wato babur.

An shimfiɗa mini tabarma a zaure, an kawo fura. Muna tsakiyar gaisuwa da tsohon sai cikina ya yi wata irin murɗawa, na ji abin da na yi kwanaki ina roƙo ya iso gaba ɗaya. To wa ya taɓa jin mai neman aure ya tambayi suruki hanyar bayi? Bayin ma a cikin gida yake, sai an ratsa ta gaban mahaifiyar yarinya. Na tsorata ƙwarai, don na san in na yi abin kunya a kan tabarmar nan, ni da Rabi sai a lahira.

Sai dabara ta zo mini. Na ce, "Baba, na hango geronku ya yi kyau. Bari in ɗan leƙa gonar."

Tsoho ya washe baki. "Madalla! Yaran birni ba su tambayar gona. Tashi mu tai in gwada maka."

Ya ɗauki butarsa, ya shige gaba. Ya nuna mini wake, ya nuna mini iyakarsa da ƙanensa, ya tsaya a gindin gawo ya ba ni tarihin wanda ya fara sare dajin. Ni kuwa ina biye ƙafafu a matse, ba abin da ke fita bakina sai "Awo, Baba." Da na ga ba makawa, na tsaya cak, na ce da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Baba, don Allah ku yi gaba."

Ya juyo ya dube ni, ya miƙo mini butar (ni duk zatona ta sallar la'asar ce). Ya ce, "Mushe, tun zaure nike jin cikinka. So nike in ga iyakar kunyarka. Shiga can, geron ya hi tsawo."

Da na fito, kaina a ƙasa, yana zaune nesa ya ba ni baya. Bai ƙara tada maganar ba, kuma bayan kaka aka ɗaura aure. Amma wani ya kai labari cikin gida, don har yau in na ɗauki buta sai Rabi ta ce, "Mushe, za a duba gona?"

Tun daga ranar, in an ce mini magani sai ya kwana biyu, ina ba shi uku. Gonar manomi kuwa ba na yabonta sai na tabbata cikina lafiya lau.